KUƊIN BINCIKE: WA YA BIYA, WA YA CI MORIYA?

Wannan shi ne jawabin da aka yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa na ƙasashen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Mun buga shi duka saboda waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa manoma, makiyaya, masunta da 'yan kasuwa, muna yi muku sannu da zuwa. Mun san akwai wanda ya rufe rumfarsa ya zo nan, akwai wanda ya bar aiki a gona, akwai wanda ya biya kuɗin mota tun daga Riruwai. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Maganar da muka zo da ita yau ba irin wadda kuka saba ji a dandali ba ce. Maganar kuɗin bincike ce, watau kuɗin da Gwamnati ke warewa don a gano sabon iri, da maganin ciwon shuka, da sabuwar dabarar sana'a. Mun san da jin haka wani zai ce a ransa, "Ina ruwan biri da gada? Wannan ai zancen 'yan boko ne." To, ɗan'uwa, yi haƙuri ka saurara, gama kuɗin nan daga aljihunka ya fito.

Mene ne bincike? Mutum ya gwada abu, ya sake gwadawa, har ya gane wanda ya fi. Manomin da ya ware kunya biyu a gefen gona ya shuka baƙon iri don ya ga halinsa, bincike ya yi. Matar da ta rage wuta a tukunyar shanshera don ta ga ko shinkafar za ta fi fari, bincike ta yi. Amma gwajin talaka yana da iyaka, domin in ya ɓaci iyalinsa ne za su kwana da yunwa. Ba shi da halin ya yi hasarar damina biyar a jere yana neman iri guda. Saboda haka ne ƙasashe su ke ɗibar dukiyar jama'a, su ɗauki malamai, su ba su fili da kayan aiki, a ce musu ku yi ta hasara a madadin kowa, ran da kuka dace kowa ya samu. Wannan ita ce yarjejeniyar. Abin da mu ke tambaya shi ne, an cika mana ita?

Bari mu koma baya kaɗan, don samarinmu su san asali. A shekarar 1922 Turawan mulki suka buɗe gonar gwaji a Samaru ta Zariya. A 1949 suka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 kuma aka mai da cinikin gyaɗa da auduga hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar nan ita kaɗai ke da ikon fitar da kayan zuwa ƙasashen waje, ita ke yanke kuɗin tan tun kafin kaka. Ta saya hannun manomi da araha, ta sayar a Turai da tsada, ta riƙe rarar. Ƙa'idar da aka shimfiɗa wa hukumomin farko wajen raba rarar nan ita ce: kashi 70 cikin 100 a ajiye don ranar da kasuwa ta faɗi, kashi 22½ a yi ayyukan raya ƙasa, kashi 7½ a yi bincike. Kun ji. Ko wane buhun gyaɗa da kakanninku suka ɗora wa jaki suka kai kan sikeli, akwai ladan malamin bincike a cikinsa. Ba a shawarce su ba, ba a ba su rasit ba. Haraji ne wanda ba dagaci ke karɓa ba, sikeli ke karɓa.

Mu 'yan hamayya ne, amma ba za mu hana gaskiya haƙƙinta ba. Wani abu ya dawo. Garmar shanu da ku ke gani yau kamar tare aka halicce ta da ƙasar nan, gwaji ne aka fara wajen 1928, En'e na ba da rancen shanu da garma, manomi na biya sannu a hankali. Daga baya maƙeranmu suka karɓi aikin, suna gyara ta, suna ƙera bakinta. Takin sufa ma a shekarun 1950 aka yi ta yawo da shi ƙauye ƙauye ana nuna wa mutane. A nan ku lura da abu guda: a ko wane ɗaya daga cikinsu, akwai gwaji, akwai malamin gona da ya tako har ƙauye, akwai rance mai sauƙi, sa'an nan akwai mai sana'a da ya mai da abin hanyar cin abinci. In ɗaya ya ɓace cikin huɗun nan, sauran ba su da amfani.

Sai aka sami man fetur, ido ya rufe. Fari ya zo daga 1972 zuwa 1974, a 1975 kuma kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta cinye gonaki kimanin hekta 700,000 a Arewa. Dalar gyaɗar Kano ba ta sake tashi ba. Akwai irin da ke jure cutar, amma mai daɗewa ne a gona, a yawancin ƙasar Kano ruwa kan ɗauke ya bar shi. Sai a 2001 Samaru ta fitar da SAMNUT 21 da 22 da 23, a 2011 kuma SAMNUT 24. Ku ƙidaya da kanku: daga 1975 zuwa 2001 shekara 26 ke nan. Yaron da aka haifa shekarar annobar har ya yi aure ya haihu. Ba mu zargin malaman Samaru, mutane ne masu ƙoƙari, wasunsu sun tsufa a bakin aikin nan. Amma a 1986 Gwamnatin soja ta rushe hukumomin ciniki, ba ta kuwa kafa wani asusu tsayayye a gurbinsu ba, bincike ya koma jiran abin da ya rage a kasafin kuɗi. Malami yana karɓar albashi, amma ba man da zai zuba a mota ya zo ya ga gonarka.

Yanzu mu dawo gida. Ba wani yanki a Jihar Kano da aka zuba wa dukiyar Gwamnati ta harkar ruwa kamar namu. A ƙasar Bebeji aka gina dam ɗin Bagauda, a ƙasar Bebeji aka gina na Tiga daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tafkin Tiga ya mamaye kusan murabba'in kilomita 180. Ruwan da ke cika shi daga duwatsun kudu ya ke gangarowa, ya ratsa dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada. Dubban mutane aka tasa daga garuruwansu, gonakin gado da makabartun iyaye suna ƙarƙashin ruwa har yau. Aka ja babban kanal zuwa Kadawa, aka tsara hekta 22,000 na noman rani a kashi na farko, mafi yawansu a ƙasashen Kura da Garun Malam da Bunkure. Ba mu yi musu hassada, 'yan'uwanmu ne, muna aure da su, muna cin kasuwa ɗaya. Amma ruwa gangare ya ke bi, kuma da alama kuɗin Gwamnati ma ya koyi halin ruwa. Mutumin da ke tudu, wanda ya ba da ƙasarsa, yana kallon tafki daga ƙofar gidansa, rani na yi ya ɗaura jaka ya tafi cin rani.

Tashar binciken noman rani ta Samaru tana Kadawa. A Bagauda kuma, tun ƙarshen shekarun 1980, cibiyar duniya da a ke kira ICRISAT ta yi gonar gwajin dawa. Watau ilmin a ƙofar gidanmu aka haƙa shi. To, waɗanda ke cikin taron nan, wa aka taɓa kira aka tambaye shi abin da ya ke so a bincika? Abin da muka saba gani shi ne, yaro ya zo da takardun tambayoyi, a tara masa dattawa a gindin bishiya, eka nawa gare ka, buhu nawa ka samu, mata nawa, 'ya'ya nawa. A ba shi fura ya sha, ya hau babur. Ya sami digirinsa, Allah ya sa albarka. Amma littafin da ya rubuta da Turanci ne, yana cikin kabad a jami'a, ba wanda ya dawo ya ce, "Baba, ga abin da muka gano game da gonarka." Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma an mai da mai ɗaki abin ƙidaya kawai.

Kada wani ya ce rashin bincike ba ya kisa. A watan Agusta na 1988 dam ɗin Bagauda ya ɓalle, dattawan da ke nan sun ga abin da ruwa ya yi. Bayan haka ne, a 1992, aka rage tsawon mafitar ruwan Tiga don gudun irin wannan, tafkin ya daina ɗaukar ruwa kamar da. Wannan aikin masu awo da lissafi ne, kuma in ba a biya su sun duba kullum ba, sai bayan ɓarna a ke tunawa da su.

Ga misalin da ya fi kusa. A watan Maris na 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka gina don ta niƙa tan 1,200 a yini. Manoma suka yi murna, suka ce ranar zubar da tumatir a bakin titi ta wuce. Ba a daɗe ba tsutsar nan da kuka laƙaba wa suna Sharon ta faɗa wa gonaki, cikin 'yan kwanaki gona kore ta koma kamar an sa mata wuta. Masana'anta ta rufe don ba kaya. Kwandon da a ke roƙon mutum ya saya ya zama sai mai hali. Jihar Kaduna har dokar ta-ɓaci ta kafa a kan tumatir a watan Mayu na shekarar. Abin da ya kamata ku sani shi ne, tsutsar nan ba daga sama ta faɗo ba. Asalinta Kudancin Amurka. Ta shiga ƙasar Sifen a 2006, ta haye Arewacin Afirka wajen 2008, tana tafe ƙasa bayan ƙasa, masanan duniya suna rubutawa. Kusan shekara goma tana sallama kafin ta iso Kwanar Gafan. Da an ba malamai goma kuɗin tarko da mota da gonar gwaji, da manomi ya san kamanninta da lokacin feshinta kafin ta zo. Maimakon haka sai ya yi ta sayen magani iri iri a kasuwa yana zubawa, tsutsa na ƙara ƙiba. A shekarar nan dai ta 2016 aka fara ganin tsutsar masara a Nijeriya, ita ma baƙuwa daga Amurka, mutanen Doguwa da Tudun Wada kuwa ba sai an ba su labarinta ba. An zuba miliyoyi a ginin ƙarfe da injuna, an bar ƙwaro ɗan mitsitsi ba mai tsaronsa.

'Yan kasuwa, kada ku ce wannan ta manoma ce. Ga taku. Kun san buhun nan mai leda biyu a ciki da a ke ajiye wake, wanda a ke kira PICS. Malaman wata jami'a ta Amurka mai suna Purdue ne suka fara gwajinsa tare da abokan aikinsu a Arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, da kuɗin Gwamnatinsu. Dabarar ba wuya: a ɗaure bakin leda tamau, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, ba a zuba ko ɗigon magani ba. Daga 2007 aka sami kuɗin yaɗa shi. Yadda aka yi kuwa shi ne abin koyi. Aka shiga ƙauyuka, aka zuba wake a gaban jama'a aka ɗaure, bayan watanni aka sake tara mutane aka kwance a gabansu. Gani ya kori ji. Sa'an nan aka ba masana'anta a nan Kano ta riƙa yin buhun, dillalai suka sara, masu rumfa suka kasa. Yau mutum nawa ke cin abinci da shi? Ku gwama da wanda ke zuba fiya-fiya a wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta saboda irin wannan guba, kuma abin da Bature ya ƙi, cikin yaranmu ya ke shiga.

Ba kuwa sai daga Amurka dabara ke zuwa ba. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Kayan miyan da kan lalace cikin kwana uku ya riƙa yin makonni. Da kuɗin aljihunsa ya fara. Wa ya fara ɗaga shi a idon duniya? Kamfanin agogo na Rolex, da ya ba shi lambar yabo a shekarar 2000. Kamfanin agogo, jama'a!

Irinsa nawa ne a cikinmu? Ku je Tudun Wada ranar kasuwa ku ga shanshera, ku ga matan da ke turara ta da masu injin casa. Ku je Kafin Maiyaki da Kwanar Dangora ku ga masu walda da ke ƙera injin casar masara daga tarkacen mota, ba zane, ba littafi, kallo ɗaya suka yi wa na Bature. Ku je bakin Tiga ku ga masu bandar kifi. Ko wanensu yana da wata dabara a kansa da ya ke so ya gwada: murhun da ba ya cin itace da yawa, rariyar da za ta fitar da tsakuwa daga shinkafa, wurin shanya tumatir da ƙura ba za ta hau ba. Me ya hana? Kuɗin gwaji. In ya je banki a ce ya kawo takardar mallakar fili da mai tsaya masa ma'aikacin Gwamnati, kuɗin ruwa kuma ya fi ribar sana'ar. Banki ba shi da laifi a nan, ba a kafa shi don ya yi caca da kuɗin masu ajiya ba. Gwaji kuwa dole wani ya ci wani ya faɗi. Shi ya sa mu ke cewa wannan gurbin Gwamnati ne.

Za su ce ai an ba da. Gaskiya ne, a watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da rancen manoma na Babban Banki a Jihar Kebbi, aka raba fiye da naira tiriliyan 1 kafin a tsai da shi, kuma mai yawa bai dawo ba. Amma wannan rancen taki da iri ne, a yi abin da aka saba, kuma kun fi mu sanin yadda a ke rubuta sunaye. Manomin gaske ya ji a rediyo, manomin biro ya karɓa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ta Riruwai gajeruwa ce, amma da ciwo. Mutanen garin sun san haƙar kuza da narka ta tun kafin Bature ya zo. Kamfanoni suka zo suka ɗiba, aka haƙa rami mai zurfi a ƙarƙashin dutse, a shekarun 1980 aka rufe, kasuwar kuza ta duniya kuma ta faɗi a 1985. Yau samari ke shiga ramuka da diga da shebur, mai saye ya zo da sikelinsa ya faɗi daraja da kuɗi yadda ya ga dama, domin ba wurin awo a kusa da yaro zai kai dutsensa a gaya masa abin da ke ciki. Ɗaki guda da na'ura da ma'aikaci mai amana, da sun canja cinikin nan.

Ina kuɗin ya ke tafiya, tun da kullum muna jin miliyoyi? Hukumar KNARDA da rancen Bankin Duniya aka tashe ta a farkon shekarun 1980, lokacin nan malamin gona da babur ɗinsa sananne ne a ko wane ƙauye. A 2014 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 495 don gyaran manyan wuraren noman rani na Arewa, har da na Kogin Kano. Bayansa ga shirin noma da kiwo na Jihar Kano na dala miliyan 95 daga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi. An yi ayyuka da su, ba mu musu, an gyara kanal, an raba iri. Amma yawancin kuɗin rance ne, jikokinku za su biya, kuma ko wane shiri yana da ranar rufewa. Shekara biyar ko bakwai, a kwashe allo, motoci su koma birni. Iri guda kuwa ya kan ci shekara goma kafin ya fito. Da muna da dalar gyaɗa, da ita mu ke biyan malamanmu. Yanzu dalar Amurka mu ke rance, mai ba da rance kuwa shi ke faɗin abin da za a bincika.

Alkawari kam an sha yi. A 1980 shugabannin Afirka suka taru a Ikko suka ce ko wace ƙasa ta kai ga kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta a kan kimiyya da bincike. A 2003 a Maputo suka ce kashi 10 na kasafin kuɗi na noma ne, a 2014 a Malabo suka sake jaddadawa. A wannan shekara ta 2014 masu ƙididdiga suka duba, suka ga cikin ko wace naira 100 da noma ya samar a Nijeriya, kwabo 22 ne ya koma bincike. Kwabo ashirin da biyu! Ko almajiri aka miƙa wa sai ya dubi mutum.

Ƙasashen da mu ke sayen abinci wurinsu ba da wayon haihuwa suka fi mu ba. Amurka ta yi doka a 1887 cewa ko wace jiha a ba ta dala 15,000 duk shekara ta riƙe tashar gwajin noma, a 1914 kuma ta yi dokar kai malamin gona ko wace gunduma, gundumar na sa nata kason a cikin albashinsa. Ku lura da wannan na ƙarshe. Tun da mutanen wurin na biya, in malami bai zo gona ba suna da bakin magana. Kuɗin ba yawa gare shi ba, amma doka ce ta tsai da shi, ba ganin damar mai mulki ba.

To, ga abin da mu ke nema, kuma ba mu neme shi a ɓoye ba. Ran 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi a ba su a hannunsu. Wannan hukunci shi ne madogararmu. Muna so ƙananan hukumomin nan huɗu, Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ko wace ta ware naira 1 cikin ko wace 100 da ta karɓa, a haɗa asusu guda, Gwamnatin Jiha ta ɗora kwatankwacinsa, Majalisar Jiha ta yi masa doka yadda sabon shugaba ba zai zo ya soke ba. Dalilin haɗuwa kuwa a fili ya ke: kogi ɗaya ne ya ɗinke mu, tsutsar da ta ci masarar Doguwa ba ta tsayawa a kan iyakar Tudun Wada ta nemi izini.

Babbar magana ita ce wa zai riƙe asusun. Muna so mafi yawan kujerun kwamitin su zama na manoma da makiyaya da masunta da 'yan kasuwa da mata masu sana'a, kuma ƙungiyoyinsu ne za su zaɓe su, ba shugaban ƙaramar hukuma zai naɗa surukansa ba. Kwamitin nan shi zai ce, bana ga ciwonmu: wuta-wuta ta hana dawa, ko ƙasa ta gaji taki ba ya kama ta, ko kifin Tiga ya ragu, ko tsakuwa na karya darajar shinkafarmu. Sa'an nan a yi shela, malaman Samaru da na Jami'ar Bayero, wadda ke da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa tun 2012, da na jami'ar Wudil su zo su ce ga yadda za mu yi, ga abin da zai ci. A yi gwajin a gonakinmu, in gonar mutum ta yi hasara saboda gwaji a biya shi. Kashin ƙarshe na ladan malami kuwa ba zai fita ba sai ya tsaya a kasuwa ranar da ta ke ci, ya faɗa da Hausa abin da ya gano, an yi masa tambayoyi ya amsa. Malamin kirki ba zai ƙi wannan ba, da yawansu ma abin da su ke marmari ke nan.

Wani kaso kuma na masu sana'a ne. Mai walda ko mai turara shinkafa ya kawo dabararsa, 'yan'uwansa masu sana'ar su duba, a ba shi kuɗin ƙera guda ɗaya. In ta yi, a ba shi rance marar ruwa ya yi goma ya sayar. In ba ta yi ba, ba a kai shi kotu, sai dai ya zo ya bayyana inda ta ƙi, don na baya kada ya sake faɗawa ramin.

Mun hango wani dattijo can yana girgiza kai, mun kuwa san abin da ke ransa: "Ai cinyewa za su yi." Baba, tsoronka yana kan hanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, mun daɗe muna gani. Abin da muka tanada shi ne, duk wata uku a liƙa lissafin asusun a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa, da boko da ajami, sunan wanda ya karɓa, nawa ya karɓa, don me, a kuma karanta a rediyo. Ɓarawo ba ya son farin wata. Wannan sharaɗi kuwa har da mu. In Allah ya ba jam'iyyar nan riƙon ƙananan hukumomin nan, kuka ga wata uku sun wuce ba takarda a bango, ku ɗauko jaridar da za a buga jawabin nan ku zo mana da ita har ofis. Sai dai muna roƙonku abu ɗaya tun yanzu: kada ku kira ko wane gwajin da ya faɗi sata. Cikin goma watakila uku za su yi. Ku bambanta wanda ya gwada bai dace ba da wanda bai ko sayi ƙusa ba.

Kafin a zana doka, muna so mu je da abin da ya fito daga bakinku. Sakatarorin rassa, ko wane ya sayi littafi. Ranar kasuwar garinku ku bi rumfa rumfa, ku bi masu awo, da mahauta, da maƙera, da 'yan tumatir, ku shiga gidaje ta hannun shugabannin mata, ku je rugage da bakin ruwa. Tambaya uku ce: me ya fi jawo maka hasara bara, me ka gwada a kai, me ka ke so a gwada. Ku rubuta yadda mutum ya faɗa, kada ku gyara masa magana, kada kuma ku tambaye shi jam'iyyarsa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, akwai masu karantawa. A kawo littattafan ofishin jam'iyya na ko wace ƙaramar hukuma kafin ruwan shuka ya sauka, mu kuma za mu haɗa su mu kai wa kansiloli da 'yan Majalisar Jiha na yankin nan, na kowace jam'iyya, mu buga amsar ko wanensu a jarida.

Mutanen Doguwa da Riruwai su fara tashi, motocinsu na bakin hanya, kada dare ya yi musu a dajin Falgore. Sauran a dakata a yi addu'a.